Ba a Ci Kelford Ba

Kujerata a filin ƙwallon Marsby tana kusa da tutar kwana, a ɓangaren da ke kallon tsohuwar masaƙa. A nan mahaifina yake tsayawa tun kafin a saka kujeru, a nan yake ɗora ni a wuya ina ƙarami. Da aka zo kafa kujerun roba, sai da na je ofis na kafe a kan a ba ni wadda ta faɗo daidai inda ƙafafunsa suke. A hannun damana Norman mahauci yake zama, ƙaton mutum mai murya kamar ta jirgin ruwa. A haguna tsohuwa Enid ce, wadda ta san mahaifina tun suna matasa, kullum da filas ɗin shayi da bargo a kan gwiwa. Sunana Malcolm Ogden, direban bas ne ni, amma a wannan ɓangaren na fili kusan ba wanda yake kirana da sunan. Norman ya laƙaba mini Mai Likkafani, wai ko muna gaba da ci uku ni ina can ina auna gawar ƙungiyar.

Ban musa ba, ni mutum ne mai fargaba. Idan matata Glenda ta yi jinkirin dawowa daga kanti, kafin ta buɗe ƙofa na riga na kai ta asibiti a zuciyata. Shekarar da Marsby ta hau babban rukuni bayan mun daɗe muna fama a ƙasa, gari duka ya rikice, har mai sayar da kifi da dankali ya yi wa shagonsa fenti shuɗi da fari, launin ƙungiyar. Ni kuwa na ce wa Norman kafin Kirsimeti za mu san matsayinmu. Ya ce in rufe masa baki, ko bikin aure aka gayyace ni sai na tambayi ina maƙabarta take.

Ɗana Gavin yana cikin ƙananan 'yan wasan ƙungiyar. Shi kaɗai muka haifa. Shekararsa goma sha tara a lokacin, mai tsaron baya ne ta hagu, kuma har lokacin a ƙaramin ɗakinsa na sama yake kwana, uwarsa ce take soya masa ƙwai da safe. Wani lokaci ma bas ɗina yake shiga zuwa atisaye, ya zauna can baya kamar bai san ni ba. Da ganyen bishiyoyi ya fara zuba, mai riƙe da wurin ya karye a ƙafa, koci ya ɗauko Gavin ya saka.

Mutane suna zaton daɗi ne ɗanka ya buga wa ƙungiyar garinku. Su zo su zauna a kujerata su ji. Rabin kowane wasa a gabana yake bugawa, kusa ƙwarai har ina ganin tururin numfashinsa, kuma duk zagin da za a yi masa ta saman kaina yake wucewa. Norman kansa ba ya ragawa. Sai ya miƙe ya daka tsawa, "Ogden, kakata ta fi ka gudu, kuma ta daɗe da rasuwa!" Sannan ya zauna ya dafa kafaɗata ya ce ba da ni yake ba, in bar ɗaure fuska.

Ni ma ba shiru nake yi ba. Gavin yaro ne mai son riƙe ƙwallo. Idan ta zo masa a kusa da ragarmu, maimakon ya doka ta gaba kowa ya huta, sai ya tsaya ya yanke mutum, ya ɗaga kai yana neman wanda zai ba. Ban san lokacin da nake tashi ba, sai dai in ji kaina ina cewa ya fitar da ita, ya doka ta waje, kada ya yi wasa da ita a nan. Haka nake yi masa tun yana buga wasan makaranta a filin bayan coci, ban ga dalilin da zan daina don an ƙara yawan mutane ba.

Washegarin Kirsimeti muka karɓi wata babbar ƙungiya, ana yayyafi mai sanyi. Muna riƙe da su babu ci har wasa ya yi nisa. Ƙwallo ta zo wa Gavin daidai gabana, ya tare ta, ya fara juyawa zai bi ta ciki. Na kurma ihu ya fitar da ita. Na ga ya ɗan tsaya, ƙafarsa ta rasa wanne za ta yi, ɗan gabansu ya zo ya zare ƙwallon kamar an miƙa masa, ya aika ta gaban raga, aka ci mu. Da wannan ci ɗaya suka tafi.

Da yamma muna cin ragowar talotalon Kirsimeti. Gavin ya ajiye wuƙarsa ya ce yana so in canja kujera, in koma can sama inda ba zai ji ni ba. Na ce kujerar kakansa ce. Ya ce ya sani.

"To ka yi shiru, Baba. Mutum dubu ashirin suna zagina ba na jin ko ɗaya. Kai kaɗai nake ji. Idan ka yi magana ƙafata takan saurare ka kafin ta saurare ni."

Na ce ai don kada a ci mu nake yi. Ya ce to yau an ci mu. Glenda ta tashi ta kwashe faranti ba tare da ta dubi kowa ba. Kafin a sha shayi na yi masa alkawari ba zan ƙara kiran sunansa a fili ba.

Asabar ta gaba, ina ɗaura ƙyallen wuyana mai launin ƙungiya, Glenda ta cusa mini ƙaramar rediyon kicin a aljihun kwat, da ɗan abin nan na sawa a kunne. Ta ce tunda bakina ba ya iya zama ba aiki, in ba kunnena aiki ko bakin zai huta. Da haka na zama mai rediyon layinmu. Idona yana kan Gavin, kunnena yana sauran filayen ƙasar, idan an ci ƙwallo a wasan wata ƙungiya da ke kusa da mu a teburin gasa in faɗa wa Norman da Enid, su kuma su miƙa gaba. Yawanci labarin ba mai daɗi ba ne. Norman ya ce dama abin da ya rage ke nan, an ba Mai Likkafani rediyo don ya riƙa jin mutuwa tun daga nesa.

Alkawarin na riƙe shi, amma Allah kaɗai ya san yadda. Akwai ranar da na ciji ƙyallen wuyana har zare ya shiga haƙorina. Abin haushin kuma, yaron ya ƙara kyau. Ya daina waiwaye, yana ɗaukar ƙwallo daga bayanmu har gaban ragar mutane, jaridar gari ta fara sa hotonsa. Ƙungiyar ce dai ba ta gyaru ba. Mu ci wasa ɗaya, a ci mu uku. Mu yi gaba da ci, a farke ana dab da tashi. Golanmu ya saki wata ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa wadda ko Enid da bargonta za ta kama. Duk lokacin sanyi muna cikin ukun ƙarshe, waɗanda ake korowa rukuni na biyu.

Da sanyi ya fara sauƙi Gavin ya dawo daga atisaye ya faɗa mana, yana cin burodi a tsaye, cewa koci ya kira shi ofis. Wata ƙungiya ta can kudu, a bakin teku, tana nemansa. Idan Marsby ta tsira a babban rukuni, ba za su sake shi ba, za a sabunta masa kwantiragi. Idan muka faɗi, dole su sayar da shi, domin shi ne abin sayarwar da suke da shi. Ya faɗe ta kamar yana ba da labarin ruwan sama, ya haye sama abinsa.

Garin da ƙungiyar take ban taɓa zuwa ba. Yini guda ne a mota. Na tambayi Glenda wa zai dafa masa abinci, wa zai tashe shi da safe, su wa zai riƙa yawo da su, yaron da ko injin wanki bai iya kunnawa ba. Ta ce mutane suna rayuwa a kudu ma, ba dawa ba ce. Na ce ba ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, ita ma ba ta so ya tafi, amma ba za ta fara kuka tun ba a ci mu ba. Tun daga ranar tebur ɗin nan na bayan jarida ya zama mini wani abu dabam. Da can idan mun faɗi, ƙungiya ce ta faɗi, shekara ta zagayo mu sake gwadawa. Yanzu kowane maki da muka zubar, ji nake kamar ana saka wa Gavin riga ɗaya a akwati.

Sai kuma a watan Afrilu muka ci wasa biyu a jere, muka yi kunnen doki da wata ƙungiyar da ba wanda ya zaci za mu tsira a hannunta. Wannan ya fi komai wahala, domin da na riga na haƙura. Ƙungiyoyi biyu sun riga sun faɗi, saura gurbi ɗaya, tsakaninmu da Kelford. Makinmu ɗaya da su, amma sun fi mu yawan ƙwallaye. Lissafin ranar ƙarshe ko yaro ya iya shi: duk abin da Kelford suka yi, sai mun yi wanda ya fi shi. Idan an ci su, kunnen doki ya ishe mu. Idan sun yi kunnen doki, sai mun ci.

A ranar ƙarshe duk wasannin ƙasar lokaci ɗaya ake farawa, saboda haka fili ya cika da rediyoyi. Rana ta fito, mutane sun tuɓe kwat. Enid ta ƙi barin bargonta a gida, wai da shi muka ci wasannin Afrilu. Norman ya sayo mana burodin nama mai zafi, na kasa cin nawa, ya karɓa ya haɗa da nasa.

Baƙin suka fara cin mu kafin hutu. Bayan an dawo muka farke da ka daga bugun kwana, fili ya kusa tsagewa. A can ma Kelford ɗaya da ɗaya suke da nasu abokan wasan. Na faɗa wa Norman har yanzu a ƙasa muke, sai mun ƙara. Ya ce ya sani, ba sai na riƙa maimaita masa kamar limamin jana'iza ba. 'Yan wasanmu ma sun sani. Suka tattara suka koma gaban ragar baƙin, muka buga a ƙarfe sau ɗaya, golansu ya ture wata da yatsu. Baƙin ba abin da suke nema a wasan, sun gaji, rabinsu hankalinsu ya tafi hutu. Kowa yana ganin ci na biyu yana tafe. Ni kaina, da nake ni, na fara yarda.

Wasa ya kusa ƙarewa sai mai sharhi ya ɗaga murya a kunnena, ya ce ƙwallo ta shiga ragar Kelford. Kafin ya rufe baki wani mutum a ɓangaren da ke fuskantarmu ya yi tsalle da rediyonsa a sama. Ihu ya tashi daga can, ya bi bayan raga, ya zagayo ya iso kanmu. An ci Kelford. Mutane suka cire rediyo daga kunne suka rungume juna. Norman ya ɗaga Enid sama da bargonta da komai.

Ni ban tashi ba. Ban taɓa murnar ci ba sai na ga an mayar da ƙwallo tsakiya, haka nake tun ina yaro. Na danna abin a kunnena, na toshe ɗayan da yatsa. Can ƙasa-ƙasa na ji mai sharhin yana cewa a dakata, mai tuta ya ɗaga tutarsa, satar gida ce, alƙali ya soke cin. Har yanzu ɗaya da ɗaya.

Na ja rigar Norman na ce an soke. Bai ji ba. Na miƙe na sa bakina a kunnensa na ce ba a ci Kelford ba, an hana cin. Ya dube ni yana dariya, hawaye a fuskarsa.

"Kai, Mai Likkafani, yau ɗaya dai ka bar mu mu rayu."

Na miƙa masa abin kunnen na ce ya ji da kansa. Ya cire hularsa ya kifa mini a fuska, ya juya ya ci gaba da waƙa. Na juya wurin mutanen bayanmu, waɗanda wata huɗu ke nan daga bakina suke karɓar labari. Wani ya ce rediyona ce take baya. Wani ya ce ai ni ko an ba mu kofi sai na ce na roba ne. Duk fili ya faɗa, ni wane ne? Can nesa na hango wani dattijo shi ma da rediyo a kunne yana ɗaga hannu yana girgiza kai, ba mai kallonsa. Enid kaɗai ta riƙe hannuna ta ce, "Da gaske kake, ɗan nan?" Na ce da gaske nake. Ta koma ta zauna a hankali.

Sai na ga abin da na fi tsoro. Labarin ya isa benci. Mataimakin koci ya fito bakin layi yana danna tafukansa ƙasa, yana nuna a kwantar da wasa, kunnen doki ya isa. 'Yan gabanmu suka fara ja da baya. Ƙwallo ta fito ta hagu, ta zo wa Gavin, gabansa a buɗe, mutanenmu biyu suna tsaye a gaban raga ba wanda ya tsare su sosai. Ya kalli benci. Mutumin ya nuna masa tutar kwana. Ya ja ƙwallon ya kawo ta kwanar da ke gabana, ya taka ta, ya juya wa fili baya, ya buɗe hannuwa yana kare ta da jikinsa don lokaci ya tafi. Mutane suka yi ta tafa masa. Norman yana cewa yaron nan akwai kai, ɗan wa ne ma?

Na tsallake layin da ke gabana, na taka jakar wata mata, na sauka har bakin allon talla. Tsakanina da shi bai fi tsawon bas ɗina ba. Ina ganin gumi a ƙeyarsa. Tun Kirsimeti ban kira sunansa a filin nan ba.

"Gavin! Ba a ci su ba! Aika ta ciki!"

Kafaɗarsa ta motsa. Na san ya ji. Bai juyo ba. Ɗan baƙin ya zo ya tokare shi, ƙwallo ta fita, aka ba mu jifa, suka jefo masa, ya sake mayar da ita kwana. Na yi ta kira har muryata ta dushe, wani ma'aikacin fili mai riga ruwan ɗorawa ya kama ni ta baya yana cewa in koma wurina, yallaɓai, saura kaɗan mu yi murna gaba ɗaya. Na ce masa ba a ci Kelford ba. Ya ce to, to, ya ji. A kunnena kuwa an riga an tashi wasan can, 'yan Kelford suna waƙa.

Da alƙali ya busa, 'yan wasanmu suka ɗaga hannuwa sama. Samari suka tsallaka cikin fili. Gavin ya durƙusa a kwanar, wani ya hau bayansa. Ban san tsawon lokacin da murnar ta ɗauka ba, amma ba ta daɗe ba. Waɗanda suka mayar da rediyo kunne don su ji sunan Marsby cikin waɗanda suka tsira su suka fara yin shiru. Shirun ya bi layi-layi, ta hanyar da ihun ya biyo ɗazu. Sannan mai sanarwa ya karanta sakamakon sauran filaye. Na ga kyaftin ɗinmu yana tambayar benci da hannu.

Na koma kujerata don ɗaukar kwat. Norman yana zaune, hularsa a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni ya ce me ya sa ban faɗa da ƙarfi ba. Na ɗauki kwat ɗina. Enid tana naɗe bargonta ta ce, "Ya faɗa, Norman. Hularka ka sa masa a baki."

Na jira Gavin a mota a bayan fili kamar yadda na saba. Shi ya fito kusan ƙarshe, gashinsa a jiƙe, ya jefa jaka a baya ya shiga. Muka bi ta gaban masaƙa, muka wuce shagon kifin nan mai shuɗi da fari, mutane suna tafiya gida a hankali. Na yi niyyar in yi shiru har gida. A wurin fitilar kan hanya na kasa, na tambaye shi ko ya ji ni.

"Na ji ka."

Na ce to me ya hana shi ko waiwayowa.

"Wata huɗu ina koya wa kaina idan na ji muryarka in ci gaba da abin da nake yi. Na zaci tsoro ne ya taso maka." Ya juya yana kallon taga. "Sai a wurin wanka na tuna abin da ka ce. Tunda nake ba ka taɓa ce mini in aika ta ciki ba. Kullum waje. Da na tsaya na yi tunani, da wannan kaɗai ya isa in gane."

Na ce ba laifinsa ba ne, benci ne suka sa shi. Ya ce ya sani. Na ce kuma ko ya aika ba lallai a ci ba. Ya ce wannan ma ya sani, in daina. Fitila ta ba mu hannu ban lura ba sai da na baya ya yi mini hon.

Washegari hotonsa ne a bayan kowace jarida, ya taka ƙwallo a jikin tuta ya juya wa raga baya. Ba hoton mutumin da ya fara tsalle da rediyo, ba na mataimakin koci. A bas fasinjoji suka riƙa shigowa suna kallona, wasu su ce Allah ya kyauta, wasu su karɓi tikiti ba gaisuwa. Wani ya rubuta mana magana a ƙofar gareji, na goge kafin Glenda ta gani, ashe ta riga ta gani. Bayan wannan ban ƙara cewa ina so ya zauna a Marsby ba, ko da yake ina so.

Kafin watan Yuni ya ƙare aka sayar da shi. Glenda ta kwana biyu tana koya masa injin wanki da yadda ake dafa taliya. A tashar jirgin ƙasa na fara gaya masa ya riƙa kulle ƙofa, ya kula da abokan banza, kada ya bar tukunya a wuta. Ya ce Baba. Na yi shiru. Ya rungume uwarsa, ya dafa kafaɗata, ya shiga.

Glenda ta tambaye ni ko zan sabunta tikitin kujerata na shekara, tunda yanzu ƙungiyar yaron dabam. Na ce wace irin tambaya ce wannan. Mutum yakan canja gida, yakan canja aiki, amma a garinmu ban taɓa jin wanda ya canja ƙungiya ba.

Asabar ta farko ta sabuwar kaka muka karɓi wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na biyu, fili rabi ba kowa. Wani yaro ɗan aro ne yake buga wurin Gavin, yana doka kowace ƙwallo waje da zarar ta zo masa, yadda nake so a da, kuma abin ba kyan gani. Na sa ƙyallena shuɗi da fari, na zauna inda mahaifina ya tsaya, na murɗa rediyo zuwa wasan kudu. Mai sharhi bai cika ambaton masu tsaron baya ba. Sai in daɗe ban ji sunansa ba, in fara tunanin ko ya ji rauni ne an fitar da shi ba a faɗa ba.

Norman bai kira ni Mai Likkafani ba ranar. Bai kira ni komai ba. Can bayan hutu, ana cin mu ɗaya, ya matso ba tare da ya dube ni ba ya ce yaya yaron yake yi.

Na ce ya ɗauko ƙwallo daga baya, ya yanke mutum ɗaya a kusa da ragarsu.

"A kusa da raga? Me ya sa ba zai fitar da ita ba?"

Na ɗaga masa hannu ya yi shiru. Mai sharhi yana cewa Ogden ya wuce tsakiya, har yanzu Ogden, ya aika ta ciki. Sai hayaniya ta cika mini kunne. Enid ta tsaya da filas a hannu tana kallon fuskata. Norman ya ce an ci ne? Na ce ya dakata, ban ji an mayar da ita tsakiya ba tukuna.